John Wesley, mai wa'azin da ya yi jinya da lantarki

Yawancinmu mun san John Wesley a matsayin mai wa'azin Bishara, wanda ta hannunsa aka kafa Ekklesiyar Methodist. Amma kaɗan ne suka san cewa ya yi shekaru yana yi wa talakawa jinya da wutar lantarki.

An haife shi a 1703 a garin Epworth na ƙasar Ingila, mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, daga nan ya shiga yawon wa'azi a kan doki, gari zuwa gari. A can ne ya ga yadda ciwo ke cin marasa galihu, gama kuɗin likita ya fi ƙarfinsu. Saboda haka a 1746 ya buɗe ɗakin shan magani kyauta a Landan. Shekara guda bayan haka ya fitar da littafin magungunan gida mai suna Primitive Physick.

A 1756 ya samo na'urar lantarki. Kwalba ce da ake juyawa da hannu, tana gogar wani abu har wuta ta taru, sai a taɓa wa mara lafiya a inda ke masa ciwo. Duk wanda minjirya ta taɓa fizga a kogunanmu na kudancin Jigawa ya san irin abin da jiki ke ji. Mutane suka yi ta tururuwa, masu ciwon kai, ciwon haƙori da sanyin ƙashi, har ya ware wurare da dama a Landan domin wannan aiki. A 1760 ya wallafa littafi a kan batun.

Gaskiya ya wuce gona da iri, domin ya ɗauka lantarki zai warkar da farfaɗiya da kurumta. Likitocin zamaninsa da yawa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A wajen rage zafin ciwo kuwa, bai yi nisa da gaskiya ba. A 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa motsa wasu jijiyoyi yakan tare saƙon ciwo a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A kan wannan aka gina 'yar na'urar TENS, wadda ake manna wayoyinta a fata. Takan sauƙaƙa wa wasu, amma ba ta kawar da tushen cutar.

Wesley ya rasu ranar 2 ga Maris 1791, yana da shekara 87. Na'urarsa tana ajiye a gidansa da ke City Road, Landan.