Malam Aminu Kano da Hakkin Mai Jefa Ƙuri'a

An haifi Malam Aminu a birnin Kano cikin 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci, kana aka tura shi Ingila cikin 1946 don ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo aka ba shi shugabancin Makarantar Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Cikin 1950 ya ajiye alli ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta cikin 1953.

To, lalle ne mu tuna yadda zaɓe yake a wancan zamani. A zaɓen 1951 talakan Arewa ba ya zaɓen wakilinsa kai tsaye. Hawa-hawa ake yi, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta a hawan ƙarshe. 'Yan NEPU suka yi nasara a hawan farko a Kano, amma ko ɗaya bai kai Majalisar Kaduna ba. Ga shi kuwa a ƙauye a bainar jama'a ake nuna wanda ake so. Ina talakan da zai saɓa wa dagacinsa ido da ido?

Abu uku Malam Aminu ya dage a kansu: kowane baligi ya sami ƙuri'a, ya zaɓi wakilinsa da kansa, ya kuma jefa ta a asirce ba tsoron kowa. Magoya bayansa da yawa sun sha ɗauri da bulala saboda wannan kira. A zaɓen 1959 mazan Arewa suka shiga ɗakin zaɓe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saka takardarsa cikin akwati mai alamar jam'iyyar da yake so, shi kuwa Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Saura mata. Bai fasa nema musu ba, ko da yake an zarge shi ƙwarai. Sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a, kuma a 1979, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP, da su aka yi zaɓen.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, bai tara dukiya ba. Mu da muka gaji wannan hakki, kada mu sayar da shi don sabulu ko kuɗin cefane, gama da wahala aka samo mana shi. Allah Ya jiƙansa, amin.