SA'IDU AL-FAYYUMI, MALAMIN DA YA TSAYA DON IDIN YAHUDAWA YA ZAMA ƊAYA

An haifi Sa'idu ɗan Yusufu, wanda Yahudawa suke kira Sa'adiya Gaon, a lardin Fayyum na ƙasar Masar cikin shekarar 882 Miladiyya. Tun yana saurayi ya yi zurfi a ilmin Attaura da nahawun Ibrananci, har ya wallafa ƙamus yana da shekara 20. Daga bisani ya bar Masar, ya zauna a Falasɗinu da Halab, sa'an nan ya zarce Bagadaza, babban birnin daular Abbasiyawa.

A zamaninsa Yahudawa a warwatse suke, tun daga Andalus har Yaman da Farisa, ba su da sarki ɗaya. Babban abin da ya riƙe zumuncinsu shi ne bukukuwan addini, watau Idin Ƙetarewa, wanda suke tunawa da fitarsu daga Masar suna cin gurasa marar yisti, da Idin Bukkoki, da Sabuwar Shekara, da azumin Ranar Kaffara. Duk wanda ya ga yadda manomi a Bacirawa ta Jihar Kano yakan kasa kunne ga rediyo daren duban wata, yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi domin ya yi Salla rana ɗaya da ɗan'uwansa mai ci-rani a Ikko, ya san nauyin wannan al'amari.

Su ma Yahudawa da duban wata suka fara. Akan kunna wuta a kan duwatsu, daga baya aka riƙa tura manzanni, don a sanar da na nesa. Da tafiya ta yi tafiya sai suka koma ga lissafi, suna ƙara wata guda sau 7 cikin kowace shekara 19, domin idi ya riƙa faɗowa a lokacinsa.

A shekarar 921 sai rigima ta tashi. Shugaban makarantar Falasɗinu, Ben Meir, ya ba da sanarwar cewa Idin Ƙetarewa na 922 zai kama ranar Lahadi, alhali lissafin malaman Iraƙi ya nuna Talata. Saɓanin ƙa'idar tasu bai wuce minti 35 da 'yan daƙiƙu ba, amma ya raba idi da kwana biyu cur. Sa'idu yana Halab labari ya iske shi. Ya goyi bayan malaman Iraƙi, ya aika da wasiƙu ga almajiransa na Masar yana jan kunnensu. Duk da haka a shekarar nan an yi idi biyu, waɗansu suna cin abin da waɗansu suka haramta wa kansu a yinin. Bayan 'yan shekaru ƙura ta lafa, kuma a ƙarshe lissafin Iraƙi ne ya tabbata.

Cikin 928 shugaban Yahudawan Iraƙi, Dauda ben Zakkai, ya naɗa shi Gaon, watau shugaban makarantar Sura. Ba a jima ba suka ɓata a kan wata shari'ar gādo da Sa'idu ya ƙi sa wa hannu, aka tuɓe shi. A wannan zama ne ya rubuta littafinsa na tauhidi da Larabci, Kitab al-Amanat wal-I'tiƙadat, a 933. Sun shirya a 937, ya koma kan kujerarsa.

Har ila yau ya fassara Attaura da Larabci, fassarar da Yahudawan Yaman suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantawa. Ya kuma tattara addu'o'in kullum da na idi cikin littafi ɗaya, da bayani da Larabci, domin mutumin ƙauye da ba shi da malami kusa ya san abin da zai karanta.

Ya rasu a 942 yana da shekara 60. Yawancin takardun rigimar idin an samo su ne cikin ma'ajiyar wata tsohuwar majami'ar Yahudawa a Alƙahira, wadda aka kwashe akasarinta zuwa Jami'ar Kambrij ta Ingila a 1897. Lissafin da ya kare kuwa shi ne Yahudawan Amurka da Maroko da Isra'ila suke bi har yau wajen tsai da ranakun idinsu.