PELLE LINDBERGH, BAƘON DA YA TSARE GIDA A FILADELFIYA

A ƙasashen sanyi akwai wani wasa da ake kira hoki na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ke karawa, kowa da sanda mai lanƙwasa, ga takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa don sulɓi. Abin da ake kora kuwa wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, wanda in ƙaƙƙarfa ya maka shi sai ya tashi da gudun kusan mil 100 a sa'a. To, wanda aikinsa shi ne ya tsaya a gaban wannan faifai shi ne mai tsaron gida. Sana'ar Pelle Lindbergh ke nan.

An haife shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ran 24 ga Mayu 1959, ya tashi a unguwar ma'aikata, ya fara wasa a ƙungiyar Hammarby. Tun yana yaro hankalinsa ya tafi Amurka, wurin wani gwanin mai tsaron gida wai shi Bernie Parent na ƙungiyar Flyers ta birnin Filadelfiya. Har farin abin rufe fuska irin na Parent ya samo yana sawa. Da yake rabo ba ya ɓata, a 1979 sai ga ƙungiyar nan ta Flyers ta zaɓe shi, kuma Parent ɗin da kansa, wanda rauni a ido ya tilasta wa barin wasa, shi ya zama malaminsa.

Kafin ya tafi sai da ya yi wa ƙasarsa aiki. A wasannin Olamfik na hunturu na 1980 a Lake Placid, Amurka ce ta ɗauki zinariya, ta ka da har Rasha, amma ba ta iya ka da Suwidin ba. An tashi 2 da 2 da Pelle a bakin raga. Suwidin ta koma gida da lambar tagulla.

A wancan zamani mutanen Kanada da Amurka sun ɗauka cewa ɗan Turai yana iya gudu da sarrafa sanda, amma tsaron gida a babbar gasarsu ta NHL ba nasa ba ne. Filin wasansu ya fi na Turai ƙunci, bugu na zuwa ta ko'ina, ga ture-ture a bakin raga. Shi kuma Pelle ba dogo ba ne. Saboda haka aka fara tura shi ƙaramar ƙungiyarsu, Maine Mariners, inda a shekararsa ta farko aka zaɓe shi gwanin gasar baki ɗaya. Da ya hau babbar ƙungiya ya fara da kyau, amma a kakar 1983 zuwa 1984 abin ya rikice masa, faifai ya yi ta wuce shi, 'yan kallon Filadelfiya kuwa, waɗanda ba su san lallashi ba, suka yi ta yi masa ihu. Har ƙaramar ƙungiya aka sake mayar da shi na ɗan lokaci. Wani da nan zai tattara kayansa ya koma gida.

Kaka ta gaba sai ga wani Pelle dabam. Sabon koci, Mike Keenan, ya damƙa masa ragar, ya buga wasa 65, ya ci 40, fiye da kowane mai tsaron gida a gasar. Ya kai Flyers har karon ƙarshe na Kofin Stanley, inda Edmonton ta Wayne Gretzky ta fi ƙarfinsu. A Yuni 1985 aka ba shi Kofin Vezina na gwanin masu tsaron gida, shi ne ɗan Turai na farko da ya taɓa samunsa. Shi ne kuma ya fara ajiye gorar ruwa a kan raga, don yawan gumi na galabaitar da shi. Yau kowane mai tsaron gida haka yake yi.

Wata biyar kacal ya yi da wannan girma. Daren 9 ga Nuwamba 1985 ƙungiyar ta yi liyafa bayan ta ci wasa goma a jere. Pelle ya sha giya fiye da kima, ya shiga motarsa ƙirar Porsche mai tsananin gudu tare da mutum biyu. Gab da wayewar gari, a garin Somerdale na jihar New Jersey, ya kasa shan kwana, ya daki katangar wata makarantar firamare. Mutanen biyu sun ji munanan raunuka amma sun rayu. Shi kuwa likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki. Da mahaifinsa ya iso daga Suwidin, iyalin suka yarda aka ba marasa lafiya wasu sassan jikinsa. Yana da shekara 26.

Duk da ya rasu, masu kallo suka ci gaba da jefa masa ƙuri'a, har ya zo na ɗaya cikin masu tsaron gida na ɓangarensu a zaɓen wasan taurari na 1986. An kai gawarsa Stockholm aka binne. Lambar rigarsa, 31, Flyers ba su sake ba wani ɗan wasa ita ba.