Dakta Walter Dandy, Likitan da Ya Gano Ƙarin Ƙwaƙwalwa da Iska

 A fitowar wannan mako, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku tarihin wani likita ɗan ƙasar Amurka mai suna Walter Dandy. Ya rasu tun 1946, kafin a haifi kakannin da yawa daga cikinmu. Mun zaɓe shi ne domin ya warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya warware ta da shi ba wani magani mai tsada ba ne. Iska ce, wannan dai da muke shaƙa.

An haifi Dandy ranar 6 ga Afrilu, 1886, a garin Sedalia da ke jihar Missouri. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne da ya yi ƙaura daga Ingila. Yaron yana da kai sosai, shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu lokacin da suka gama sakandare a 1903. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Missouri, sannan ya tafi makarantar koyon likita ta Johns Hopkins a birnin Baltimore. Ya zama likita a 1910 yana da shekara 24.

A can ya haɗu da Dakta Harvey Cushing, wanda ya girme shi da shekara 17, kuma shi ne babban gwanin tiyatar ƙwaƙwalwa a lokacin. Dandy ya yi aiki a ƙarƙashinsa shekara biyu. Sai dai jininsu bai haɗu ba. Dukansu biyu masu zuciya ne, kowa yana ji da kansa. A 1912 Cushing ya samu babban muƙami a wani sabon asibiti a Boston, Dandy kuma ya sa rai za a tafi da shi. Ana gab da tafiya sai Cushing ya sanar da shi cewa ba da shi za a je ba. A lokacin an riga an raba guraben aiki a Johns Hopkins, saboda haka ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Shugaban asibitin, Winford Smith, shi ya tausaya masa ya ba shi ɗakin kwana, daga baya babban likitan tiyata William Halsted ya ɗauke shi. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. A wannan asibitin ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin mu ci gaba, sai mun ɗan koma darasin kimiyya. Ƙwaƙwalwa ba dunƙule take kamar curin fura ba. A tsakiyarta akwai wasu ramuka guda huɗu, mu kira su ɗakuna, cike da wani ruwa garai-garai. Ruwan yana fitowa daga cikin ɗakunan, ya bi ta wasu 'yan hanyoyi matsattsu, ya zagaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sannan ya koma cikin jini. Jikin babban mutum yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa a kowace rana.

A 1913 Dandy da wani likitan yara mai suna Kenneth Blackfan suka yi gwaji a kan karnuka. Suka toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗan guntun auduga, sai ruwan ya taru, ɗakunan suka buɗe suka yi girma. Kamar dai yadda kwata take toshewa da damina ruwa ya koma cikin gida. Da haka suka nuna yadda ciwon nan yake faruwa wanda kan jariri yake ta girma fiye da kima. Wasunmu sun taɓa ganin irin waɗannan jarirai a unguwa, ana ta cewa aljanu ne ko kambun baka. Ruwa ne ya rasa hanyar wucewa, kuma a yau ana yi musu aiki a manyan asibitoci.

To, ga babbar matsalar. Idan ƙari ya fito a ƙwaƙwalwa, ba shi da wurin zuwa, domin ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya miƙewa. Sai ƙarin ya yi ta danne ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara ciwon kai mai tsanani, ya riƙa amai, ganinsa ya ragu har ya makance, wani kuma ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Likita zai iya gane cewa akwai ƙari, amma a ina yake? Dama ko hagu? Gaba ko ƙeya? Wani lokaci alamu suna nunawa, misali idan hannun dama ya shanye, to ɓarnar tana ɓangaren hagu. Amma sau da yawa babu wata alama. Likita ya buɗe kan mutum ya duba bai ga komai ba, ya rufe, mara lafiya ya mutu, sai an binciki gawa a tarar da ƙarin a wani gefe daban. Laluben cikin duhu ke nan.

Za ku ce ai akwai hoton eksire. Gaskiya ne, wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano shi tun 1895. Amma eksire ƙashi yake nunawa da kyau. Ƙwaƙwalwa da ruwanta da ƙarin duk launi ɗaya suke fita, toka-toka, ba a bambance su.

Dandy ya yi tunani: idan aka cika ɗakunan nan da wani abu da zai fito a hoto, za a ga siffarsu. Idan ƙari yana danne ɗaki ɗaya, ɗakin zai lotsa ko ya karkace, kamar balan-balan da aka danna da yatsa. Ko ba a ga yatsan ba, an san inda yake. Ya gwada sinadarai iri-iri a kan karnuka, duk suka zama guba, karnukan suka mutu. Mu kam mun tausaya wa karnukan nan.

A 1917 ya ga hoton eksire na wani mara lafiya da hanjinsa ya hude. Iskar da ta fita daga hanjin ta taru a cikinsa, ta fito baƙi ƙirin a hoton. Malaminsa Halsted ma ya sha yin magana a kan yadda iskar hanji take fitowa fili a hoto. Daga nan dabara ta faɗo masa. Ya riƙa zuƙe ruwan kaɗan da sirinji, ya mayar da iska daidai yawan ruwan da ya cire, a hankali a hankali, sannan a ɗauki hoto. Da yara ya fara. A jarirai allurar tana shiga ta maɗiga, tunda ƙashin wurin bai rufe ba. A manya kuwa sai an huda 'yar ƙaramar ƙofa a ƙoƙon kai. Ɗakunan suka fito ɓaro-ɓaro a hoto, abin da ba a saba gani a kan rayayyen mutum ba. Ya buga sakamakon a 1918, yana da shekara 32.

A 1919 ya ƙara gaba. Ya sa iskar ta ƙasan gadon baya. Iska ta fi ruwa rashin nauyi, don haka sai ta yi sama, kamar kumfa a cikin kwalbar lemo, ta bi gefen laka har ta kai kai. Ya nuna cewa wannan zai taimaka wajen gano ƙarin laka ma, domin idan ƙari ya toshe hanya, iskar za ta tsaya daidai wurin. Bayan 'yan shekaru wasu likitoci biyu a Faransa, Sicard da Forestier, suka samo wani mai da yake nuna laka fiye da iska.

Kada ku ɗauka abin yana da daɗi. Wanda aka yi wa yakan yi kwanaki yana fama da matsanancin ciwon kai da amai. Wasu sun mutu, musamman idan ba a yi tiyata nan da nan bayan hoton ba. Cushing bai yi maraba da dabarar ba da farko. Yana ganin tana da haɗari, kuma za ta sa matasan likitoci su yi kasala wajen duba mara lafiya da kyau. A ganinmu yana da 'yar gaskiya, amma wanda ƙari yake makantar da shi, kwana uku na ciwon kai ba komai ba ne idan za a gano wurin.

Rigimarsu ba ta tsaya nan ba. Akwai wani ƙari da yake fitowa a jijiyar ji, can ciki bayan kunne. Cushing yakan ƙwaƙule cikinsa ya bar ɓawon, don gudun kada mara lafiya ya mutu a kan gadon tiyata, amma ƙarin yakan dawo. Dandy ya dage sai an cire shi duka, kuma ya yi hakan. Da ya rubuta rahoto a 1922 bai ambaci littafin da Cushing ya wallafa a kan wannan ƙari ba, sai Cushing ya rubuta wasiƙar fushi. Nan mun ga laifin Dandy. Ko me malami ya yi maka, ai ba ka share sunansa ba. Har Cushing ya rasu a 1939 ba su koma shan inuwa ɗaya sosai ba.

Dandy mutum ne mai saurin hannu a tiyata, mai saurin fushi kuma, ƙananan likitocinsa suna shakkarsa. A 1923 ya ware wani ɗan ɗaki inda ma'aikatan jinya suke sa ido dare da rana a kan waɗanda aka yi wa aiki, kuma da yawa suna ɗaukarsa a matsayin mafarin sashen kulawa ta musamman da ke asibitoci yanzu. Ranar 23 ga Maris, 1937, ya matse wata jijiyar jini da ta kumbura a cikin kai da ɗan maƙalin azurfa kafin ta fashe, shi ne na farko da ya yi haka. Yana son wasan besbol, har shi da wani likita George Bennett suka ƙera hular kare kai wadda 'yan wasan Brooklyn Dodgers suka sa a 1941. Ya auri Sadie Martin a 1924, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa ranar 19 ga Afrilu, 1946, kwana 13 bayan ya cika shekara 60, a asibitin da ya yi aiki. Likitoci sun ci gaba da amfani da hoton iska fiye da shekara 50 daga lokacin da ya ƙirƙiro shi. A 1971, a wani asibiti a Landan, aka ɗauki hoton kan wata mata da sabuwar na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda take haɗa eksire da kwamfuta. Ciwon da ke ƙwaƙwalwarta ya fito a hoto ba tare da an huda kanta ba, kuma cikin 'yan shekaru aka ajiye sirinjin iska.