LIKITA MILA NA WUSASA (1872-1952)

Yayin da muke bikin cika shekara 50, ya dace mu tuna da waɗanda suka share mana hanyar ilimi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Walter Miller, wanda iyayenmu suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya koyi Hausa a Tarabulus, ya iso ƙasar Hausa a 1900 ƙarƙashin mishan na CMS. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, inda ya tara yara yana koya musu karatu da rubutun boko, lissafi, Turanci da Maganar Allah. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa.

A farkon aikinsa babu sakandare ko ɗaya a Arewa. Kwalejin Katsina ma da aka buɗe a 1922, domin horar da malaman makarantun En'e aka yi ta. Saboda haka yaron mishan mai ƙwazo sai ya bar iyayensa ya tafi Ikko. Ta wannan hanya R.A.B. Dikko ya shiga King's College, ya wuce Birmingham, ya zama likita na farko ɗan Arewa.

Likita Mila ya kuma yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Ya rasu a 1952.

Yau sakandare tana ƙofar gidanmu. Kada mu bar ɗa ko 'ya a gida.