Robert Guthrie, mutumin da ya sa muke tsira wa jarirai dunduniya

A ɗakin masu jego da nake aiki a nan Jidda, babu makon da wata kaka ba za ta harare ni ba idan na kamo dunduniyar jikanta na tsira, na ɗiga jini a kan wani ɗan kati. Yaro ko suna ba a yi ba, me za a nema a jininsa? Katin nan sunan wani Ba'amurke yake ɗauke da shi, Robert Guthrie.

An haife shi a 1916 a Marionville ta jihar Missouri, ya tashi a Minnesota, ya yi digirin likita a 1945 da digirin digirgir kan ƙwayoyin bakteriya a 1946. Binciken kansa yake yi a Buffalo, ba ruwansa da jarirai. Gidansa ne ya karkato shi. Ɗansa na biyu, wanda aka haifa a 1947, ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. A 1958 kuma aka gano wata 'yar dangin matarsa tana da PKU, cutar gado da ke tara wani sinadarin abinci a jini har ya lalata ƙwaƙwalwa. Tana da wata 15 lokacin. Akwai abinci na musamman da ke hana ɓarnar, amma an makara.

Dabararsa mai sauƙi ce har ta ba da mamaki: a ɗiga jinin dunduniya a takarda mai tsotsa, ya bushe, a aika ta gidan waya. A ɗakin gwaji a yanki ɗan ƙwaya a ɗora kan bakteriyar da aka hana girma. In sinadarin ya yi yawa a jinin, sai ta tsiro. Daga 1962 aka gwada jarirai kusan 400,000 a jihohi 29, a 1963 Massachusetts ta mayar da gwajin doka. Likitoci da yawa sun ƙi abin, shi kuwa ba mai lallashi ba ne, sai ya koma ga ƙungiyoyin iyaye su matsa wa 'yan majalisa. Da kamfanin da aka ba lasisi ya sa dala 262 a kan kayan gwajin jarirai 500, wanda shi yake haɗawa a dala 6, ya kai kuka ga gwamnati har aka warware yarjejeniyar. Wannan ne ya fi burge ni a rayuwarsa.

PKU ba ta da yawa a cikinmu. Abin da ya kawo katin ƙofarmu shi ne tayrod, ƙullutun nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. A 1973 Jean Dussault da Claude Laberge a Quebec ta Kanada suka auna sinadarinsa, T4, a busasshen jinin katin Guthrie, a 1974 aka fara yi wa jarirai. Jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da tayrod da ba ya aiki, kuma a makonnin farko ba a ganin komai. Barci yake ta yi, ba ya rigima, a ce ai yaro ne mai haƙuri. Kafin a lura da shawarar da ta ƙi wucewa, da taurin bayan gida, da babban harshe, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu. Maganin fa ƙwaya ce mai araha, levothyroxine, in an fara cikin mako biyu yaro ya tashi kamar kowa.

Sai dai katin ba ya gyara kuskuren lokaci. Minti 30 da haihuwa, TSH, sinadarin da ke tunzura tayrod, yakan yi tsalle sama a jikin kowane jariri, sai ya sauka a hankali. In an ɗiba a ranar farko, lafiyayye ma sai ya fito kamar mai ciwo. Shi ya sa ake son awa 48 zuwa 72, ko jinin cibiya da nasa ma'aunin daban, wanda Saudiyya ta daɗe tana amfani da shi. Bakwaini kuwa nasa yakan yi jinkirin tashi, dole a maimaita. Kuma in an kira ki a waya, ba hukunci ba ne, jinin jijiya ne zai tabbatar. Ki je a ranar, kar ki ce sai an sha suna.

Mai ciki ma haka. A wata ukun farko sinadarin ciki yana danne TSH, don haka sakamakonta ba a karanta shi da ma'aunin wadda ba ta da ciki. Ki gaya wa mai gwajin watanninki.

Guthrie ya shafe sauran shekarunsa yana yawo ƙasa-ƙasa kan gwajin jarirai da kuma gubar dalma a jinin yara, abin da mutanen Zamfara suka sani da ciwo tun 2010. Ya rasu a Seattle a watan Yunin 1995, kwana huɗu kafin ya cika 79. A yawancin asibitocinmu na gida har yau ba a yin gwajin sai iyaye sun nema da bakinsu, sun kuma biya.