Dalziel, likitan da sunansa ya maƙale a jikin itacen hano

Duk wanda ya taso a ƙasar Kazaure, ko Roni ko Gwiwa ko Babura, da wuya a ce bai san hano ba, itacen nan mai ɓawo kamar takarda wanda ake turare da ƙaronsa. Wasu ararrabi suke ce masa. Amma in ka buɗe littafin kimiyyar tsirrai, sunan da za ka tarar shi ne Boswellia dalzielii. Kalma ta biyun nan sunan mutum ce: John McEwan Dalziel. Kada rubutun ya ruɗe ka, mutanen Sikotilan Diyel suke furta shi.

An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya a 1872. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya yi aikin likitan mishan a kudancin Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. Aikin ya kai shi Kontagora, Katagum, Sakkwato da Yola. Albashinsa na duba marasa lafiya ne, amma ko'ina ya sauka sai ya shiga daji ya tsinko ganye da fure, ya danne su a takarda su bushe, ya aika da su lambun binciken tsirrai na Kew a Landan.

Ba shi kaɗai ne Bature mai tsintar ganye ba a lokacin. Abin da ya bambanta shi, yana tambayar suna. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai da Hausa, ya nuna wanda ake faɗa a Kano da wanda ake faɗa a Sakkwato ko Katsina. A nan za ka ga tsiro ɗaya da suna uku, ko suna ɗaya a kan tsirrai biyu da ba su haɗa dangi ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne agugu, wani saiwa da ake sayarwa a kasuwa don maganin tsila. Dalziel ya gane cewa daga jikin fern yake, wato tsirran nan da ba sa fure, ba sa yin iri. Amma da yake busasshen saiwa ya gani, ba tsiron a tsaye ba, sai ya rubuta cewa mai yiwuwa daga wata ƙasa ake kawo shi, bai yanke hukunci ba. Yana da hujja. Shi fern sai ka juya bayan ganyensa kake tantance shi. A can ne ɗige-ɗigen da ke ɗauke da ƙurar haihuwarsa suke. Shin zagaye suke ko a jere kamar layi? A bakin ganye ko a tsakiya? Da murfi ko a buɗe? Tun 1753 Linnaeus ya fara raba su da irin wannan dubawa.

To, a nan nake tuna abokaina da ke karatun koyar da bayoloji a kwalejojin Gumel da Bichi. Da yawa sun haddace sunayen Latin tsaf, amma ka tambaye su ko sun taɓa juya ganyen fern da hannunsu, sai dariya. Gaskiya ba laifinsu kaɗai ba ne, yankinmu busasshe ne, sai da damina ake dacewa da shi a tsagin dutse ko bakin tafki. Sai dai ko kainuwa ta isa darasi. Ka gan ta a kan ruwa ka rantse ba ta fure, alhali tana da ɗan ƙaramin fure a ɓoye tsakanin ganyenta, kuma shi ne ya nuna dangin gwaza ce. Malamin da bai taɓa buɗa ta ya gani ba, me zai ce wa ɗalibin da ya yi masa gardama?

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Sunayen nan da magungunan nan, daga bakin maharba da makiyaya da masu maganin gargajiya ya same su. Itacen ya ɗauki sunansa, su kuwa an manta da su.

Bayan ya bar aikin gwamnati ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya ƙara da The Useful Plants of West Tropical Africa, littafin da har yau masu binciken magani ke komawa gare shi. Ya rasu a 1948. Kundin da ya keɓanta da fern na yankinmu bai fito ba sai 1959, na wani masani A. H. G. Alston, wanda shi ma ya rasu shekara guda kafin a buga shi.